Daminar da Ban Shuka Gyaɗar Goggo Ba

A bakin Goggo na fara jin nauyin kalmar "a jere". Kowa na faɗinta a wajenmu: an yi kwana uku a jere ana ruwa, wance ta haifi maza huɗu a jere, motocin gyaɗa sun wuce a jere. Amma Goggo ba ta yarda a faɗe ta da ganganci. In ka ce ka yi mako a jere kana zuwa gona, sai ta ɗago kai ta ce, "Ranar kasuwar Gwarzo fa?" Ka ce ai wannan rana ɗaya ce tak. Ta ce, "To ka je a kai a kai ke nan. Kada ka ce a jere." A wurinta, a kai a kai yana da ƙofa, mutum na iya fita ya dawo. Bi da bi kuwa na masu karɓa-karɓa ne, irin na gayya, yau a gonarka gobe a tawa. A jere shi ne wanda ba a ɗaga ƙafa ko sau ɗaya.

Daga baya aiki ya kai ni ƙasashe, na koyi harsunan mutane, kuma duk inda na je na tarar suna da kalmarsu ta wannan ma'ana. A wasu harsunan doguwar kalma ce ta ma'aikatan ofis da alƙalai, ba ka jin ta a bakin tsohuwa. A Larabci na fi jin ta wurin malamai, in suna bayanin azumin kaffara: wata biyu ba tsallake, ka sha rana ɗaya ba uzuri ka koma farko. Duk lokacin da na ji wannan bayani nakan ce a raina, wannan ma da sauƙi, tunda akwai farkon da za a koma.

Goggo yayar mahaifina ce. Ni ne ɗan fari, shi ya sa tun da aka yaye ni aka miƙa mata ni, a ɗakinta na tashi, a wani ƙauye da ke yankin Jama'a ta ƙasar Gwarzo. Asalinmu makiyaya ne. Ciwo ne ya share wa kakanninmu garke, suka zauna wuri ɗaya ba don suna so ba. Kakata, wadda duk gidan ke kira Dada, ba ta taɓa riƙe fartanya ba kafin nan. Wata maƙwabciya da take kai wa nono ce ta ga halin da suke ciki, ta ɗebo mata gyaɗa cikin ƙoƙo ta nuna mata yadda ake shukawa. Abin da gidanmu ya fara shukawa ke nan da hannunsa. Tun daga wannan damina ba a taɓa fasawa ba. Da Dada ta rasu Goggo ta ci gaba, a wata 'yar gayauna da ke bakin hanyar Gwarzo.

Gyaɗar ba ta da wani suna sai "ta Dada". Ƙanana ce, fatarta ja da ratsin fari, mai yaɗo a ƙasa. Ba ta da sauri, sai ta cinye damina kaf kafin ta nuna, kuma tononta na karya baya, domin 'ya'yan a warwatse suke. Amma tana da mai, tana da zaƙi, harawarta kuma awaki na rububinta.

Wanda bai yi noma ba zai ce mene ne abin damuwa in an tsallake shekara ɗaya. Gero da dawa suna da haƙuri, sukan daɗe a rumbu a fitar a shuka su fito. Gyaɗa ba haka take ba. Man da ke cikinta shi ne ajalinta. Zafi ya ratsa ta, ta daɗe a ajiye, sai cikin ya mutu alhali a ido tana nan kamar lafiyayya. Ba a ajiyar irin gyaɗa, sai dai a yi ta sabunta shi. Kowace damina sai ta shiga ƙasa ta fito. Shi ya sa Goggo ke da tsarinta. A kaka takan zaɓi gindin da ya fi 'ya'ya, ta shanya a inuwa, ta zuba da ɓawonta a wata tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka, ta yaɓe bakin da laka. Ba ta fasa yaɓen sai an yi ruwan shuka, kuma ranar da aka ɓare ranar ake shukawa.

Lokacin da abin da zan faɗa ya faru na riga na zama saurayi, na yi makaranta, an ɗauke ni aikin malamin gona. Zamani ne da gyaɗa ke mulki. Da kaka jakuna kan yi layi zuwa wurin sikeli, manyan motoci na kwasa zuwa Kano inda ake jera buhuna su zama dala. An ba ni keke, da igiyar awon tazara, da sabon iri in yaɗa a ƙauyuka. Sabon irin 'yar tsaye ce, tana nuna da wuri, 'ya'yanta a dunƙule a gindi, ka fizga ta taho gaba ɗaya. Har gobe ba zan ce na yaudari kowa ba game da ita. Ta fi yawan buhu, ta fi sauƙin aiki. Ina zagayawa ina cewa a daina gauraya ta da tsofaffin iri, domin 'yan sikeli ba sa son gauraye. Mutane suna ji, domin sun ga amfanin.

Goggo kaɗai ba ta ji. In na dawo gida na jingine keke sai ta ce, "Sannu da zuwa, Malamin gona. Yau gonar wa ka je ka koya wa abin da ubansa ya sani?"

"Goggo, ko kunya biyu ki ba ni a gayaunarki in gwada miki."

"Gwada a ta ubanka. Shi ne mai son buhu."

Da bazarar wannan shekara 'yarta da ke aure a Gammo ta haihu, Goggo ta tafi zaman jego da niyyar dawowa kafin ruwa ya sauka. Ana saura kwanaki kaɗan ta dawo, santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ta karye a ƙugu. Mai ɗori ya ce ko kan jaki ba za a ɗora ta ba sai bayan watanni. Ta aiko in je.

Na same ta kwance a kan tabarma, an ɗaure ta da karare da tsumma. Mun daɗe muna gaisawa, ina tambayar jiki tana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da akuyarta. Sannan ta ce 'yarta ta ba mu wuri.

"Ɗan nan, ka ga hadari ya fara haɗuwa."

"Na gani, Goggo."

"Tukunyar tana bayan gadona. Ba ubanka na ba wa ba, shi mantuwa gare shi. Kai na ba wa. In aka yi ruwan shuka ka fasa, ka ɓare, ka shuka a ranar. Ban ce ka kawo igiyarka ba. Da dunduniya ake rufe ta."

Na yi dariya na ce, "An gama."

"Ban ji ba."

"Na ce an gama, Goggo. In sha Allahu."

"To. Tun Dada ba ta taɓa kwana biyu a tukunya ba. Kada a ce a hannuna."

Kwana biyu a bakinta damina biyu take nufi, kuma na gane.

Ina so a san cewa na yi niyya. Ranar da aka yi ruwan shuka na shiga ɗakinta na fasa yaɓen, na zauna a tsakar gida na ɓare gyaɗar kaf, ta kusa cika ƙwarya. Ina cikin kakkaɓe toka daga rigata saƙo ya zo daga babbanmu a wurin aiki: kowane malamin gona ya nemi fili a bakin hanya ya yi gonar gwaji, inda masu wucewa za su gani da idonsu, kuma shi da kansa zai zo dubawa. A duk ƙauyen ba filin da ya kai gayaunar Goggo dacewa. Duk mai zuwa kasuwar Gwarzo ta gefenta yake bi.

Baba, wanda Adda yake kiran yayar tasa, ya same ni da sassafe a gayaunar ina ja mata igiya. Ya tsaya da sungumi a kafaɗa ya dubi buhun sabon iri da na ajiye a gefe.

"Kai, wannan ba filin Adda ba ne?"

"Na bana kawai, Baba."

"Ta sani?"

"Zan gaya mata. Tata zan nema mata wani wuri."

Ya gyara sungumin a kafaɗa ya ce, "To," ya wuce. Uba da ɗan fari ba sa doguwar magana a gidanmu.

Wani wurin da na ce zan nema yana nan. Kusurwa ɗaya ta gandu ta isa. Bayan ɗakin Goggo ma ya isa a shuka abin da zai ba da iri. Amma kullum sai in ce gobe. Na yi ta yawo a keke daga ƙauye zuwa ƙauye, ina dawowa a gajiye. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kaina ba a lokacin: ina jin nauyin a ce malamin da ke hana mutane tsohon iri ga shi can yana shuka shi a gidan ubansa. Kafin in farga an gama noman firi, an shiga maimai. Ta Dada mai cin damina ce gaba ɗaya, lokacinta ya wuce.

Sai na samo wani gwangwani mai murfi na juye ta a ciki. Na san abin da zafi ke yi wa ɓararriyar gyaɗa, yana cikin abin da aka koya mana, ni ma ina koya wa wasu. Amma na ce wa kaina ai gwangwani ya fi tukunya, iska ba ta shiga, ƙwaro ba ya shiga. Na ɗora shi a kan katanga cikin ɗakina, wanda shi kaɗai ne mai rufin kwano a gidan, kuma ina alfahari da hakan. Da rana tsaka ko ni ba na iya zama a ɗakin.

Gonar gwaji ta yi kyau fiye da yadda na zata. Layuka a miƙe, ganye shar. Masu jakuna kan tsaya su leƙa, wasu su tsuguna su ƙirga tazarar da tafin hannu. Babbanmu ya zo ya zagaya, ya dafa kafaɗata a gaban dagaci. Ranar na yi ta murna, ko sau ɗaya gwangwanin bai faɗo min a rai ba.

Da kaka na je Gammo. Na yi ta shirya maganar a kan hanya, yadda zan fara da yadda zan ƙare. Na sami Goggo ta fara zama, an jingina ta da bango, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ko gaisuwar ba ta bari mun ƙarasa ba.

"Ta yi 'ya'ya?"

Na dubi fuskarta. Wata biyar tana kwance a gidan suruki, ana juya ta ana ɗaga ta, abin da take jira ta ji ke nan.

Na ce, "Ta yi."

"Alhamdu lillahi. Ka zo min da ko cikin tafi?"

"Ba ta gama bushewa ba, Goggo."

"A inuwa dai ko?"

"A inuwa."

"Ka ware iri?"

"Na ware."

Ta kama hannuna ta yi ta sa min albarka. Ta kira 'yarta ta ce, "Kin gani? Ke kika ce ɗan boko ba zai tsuguna wa gyaɗar tsohuwa ba." 'Yar ta yi dariya ta ce ta janye. Aka kawo min fura, na sha, ban san ta inda ta bi ba.

Sau biyu Goggo tana aikowa da rani a kai mata ɗanɗano. Na farko na ce aiki ya yi min yawa. Na biyu na ce ba ta yi yawa ba, na zuba duka a tukunya na yaɓe. Na daina zuwa Gammo. Lissafina shi ne damina na zuwa, in shuka ta gwangwani, ta fito, in cika tukunya, Goggo ta dawo ta tarar da komai yadda ta bari. Ƙaryar shekara guda ce kawai, ƙasa za ta rufe min ita.

Ruwan shuka na sauka na sauko da gwangwanin. Ina buɗewa wani wari ya bugo ni, irin na tsohon mai. Fatar ta yi duhu, tana saɓulewa da an taɓa. Na ce wataƙila na sama ne kawai. Na tafi gayauna ni kaɗai, ba igiya, na sara da sungumi, na jefa bibbiyu maimakon ɗaya, na rufe da dunduniya yadda ta ce. Na rage kamar cikin tafi biyu a gwangwanin, ko za a yi cike.

Gyaɗa mai rai takan fasa ƙasa cikin mako. Na je rana ta biyar, na je ta bakwai. Gonakin maƙwabta duk sun yi layin kore. Rana ta goma na tsuguna na tona da yatsa. Na samu ta kumbura ta yi baƙi, ina matsawa ta fashe da ruwa mai ɗoyi. Na tona rami na gaba, da na gaba, har na kai ƙarshen kunya. Na koma gida na ɗebi 'yan ƙwayoyi cikin ragowar, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumman buhu kamar yadda muke gwada iri a wurin aiki. Kwana shida ina yayyafa ruwa. Ko ɗaya ba ta fitar da baki ba.

Baba ne ya ga tsumman. Ya buɗe ya duba, ya mayar ya rufe a hankali kamar mai rufe fuskar mamaci. Ya yi salati. Na jira faɗa, amma abin da ya ce kawai, "Ni ma na gani na yi shiru." A lokacin na tuna cewa ba gyaɗar Goggo kaɗai ba ce. Uwarsa ce ta fara shuka ta.

Sai na shiga nema. Goggo mai kyauta ce da iri, na san ta ba mata da yawa a shekarun baya. Na bi su gida-gida a keke. Wannan ta ce ta daina tun shekara uku. Waccan ta ce mijinta ya hana, kada ta ɓata masa buhu. Na je kasuwar Kabo na bi layin masu gyaɗa ina tona faifai da hannu, har wata ta ce in ba saya zan yi ba in daina yi mata susa a kaya. Duk 'yar tsaye ce, iri ɗaya, fata ɗaya. Aikina ya yi kyau ƙwarai.

Saura mutum ɗaya, wata tsohuwa a Masanawa, ƙawar Goggo tun suna 'yan mata. Na same ta a zaure tana kaɗi. Wasan kaka da jika take yi da ni tun ina yaro, don haka tana ganina ta fara.

"A'a, maigidana ne da kansa? Shekara guda ba cefane, yau ka tuna da ni? Ina igiyar? Ko yau ɗaure ni ka zo yi?"

Na durƙusa na gaishe ta, na yi ƙoƙarin mayar da wasan ban iya ba. Na ce ina neman gyaɗar nan mai ratsi da Goggo ta taɓa ba ta.

Ta ajiye mazari. "Ta Dada? Kai da bakinka? Ba kai ka tsaya a ƙofar gidan nan kana cewa mai yaɗo ɓata ƙasa take yi ba?"

"Ni ne, Inna."

"To ni ban ji maganarka ba, don ban ga gemu a fuskarka ba. Bara ma na shuka, bayan ɗaki. Ta yi kyau kuwa."

Na matso kusa da ita da sauri. Na ce, "Tana nan?"

"Tana ina? 'Ya'yana suka dame ni, wai tsohuwa kina tono kina nishi a kan abin da ba ya shiga sikeli. Ni kuma bayan nan nawa ya gaji. Na ce to, ai uwar irin tana wurin ƙawata, ranar da na yi marmari in aika. Har na tambaya da kaka, aka ce min ɗanta ya shuka mata, ta yi 'ya'ya. Da rani na soye tawa kaf na yi ƙuli-ƙuli. Da ka zo da wuri da ka ci, angona. Har da yaji na sa."

Ta bushe da dariya, sannan ta dubi fuskata ta daina.

"Kai. Me ka yi?"

Na miƙe na fita. Na tura keken da hannu har na fita daga garin, na kasa hawa. Rashin shukawar laifi ne, amma ba shi ya kashe gyaɗar ba. Ranar da nake zaune a Gammo ina cewa ta yi 'ya'ya, tana nan da ranta a bayan wani ɗaki a Masanawa, sabuwa, da ɓawonta. Da na buɗe baki na ce ban shuka ba, da Goggo ta yi faɗa, wataƙila ta yi kuka, sannan ta aika a karɓo mata cikin ƙoƙo.

Goggo ta dawo da tsakiyar damina, a kan jaki, mijin 'yarta na riƙe da ita. Tana tafiya da sanda, ƙafa ɗaya ta gajarce. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Washegari da hantsi ta ce in raka ta gayauna. Baba ya riga ya zuba wake a wurin don kada fili ya tashi a banza. Tafiyar da ba ta kai komai ba sai da muka huta sau uku, kuma duk hutawar ina buɗe baki ina rufewa.

Ta tsaya a bakin gonar ta dogara da sanda. Ta dubi waken daga wannan gefe zuwa wancan.

Na durƙusa a kan kunya na faɗa mata. Ban rage komai ba: igiyar, da gonar gwaji, da abin da na ce mata a Gammo. Ba ta katse ni ba. Wani mai jaki ya wuce ya yi mana sallama, ta amsa masa da kyau, har ta tambaye shi mutanen gida.

Da ya yi nisa ta ce, "A ina ka ajiye ta?"

"A gwangwani."

"Da ɓawonta?"

"Ɓararriya."

"A wane ɗaki?"

"Nawa."

"Na kwano." Ta gyaɗa kai. "Kai da aka kai makaranta don wannan."

Ta gyara riƙon sandarta ta ci gaba.

"Ka je Masanawa?"

"Na je."

"Ta daina?"

"Bara ta shuka. Da rani ta soye."

"Da rani," in ji Goggo. Ta sake cewa, "Da rani." Na ga tana lissafi, na kuma ga lokacin da ta kai inda na kai a kan hanyar Masanawa. Ba ta faɗa ba. Da ta faɗa da ya fi min sauƙi.

Na ce, "Goggo, ki yafe min."

"Na yafe," ta ce, da sauri, kamar mai korar kaza daga shanya. "Tashi, kana taka wa ubanka wake. Akwai saura?"

"Kaɗan. Amma ba ta da rai, na gwada."

"Ban tambaye ka rai ba."

Da la'asar ta sa aka hura mata wuta a ƙofar ɗakinta, aka ɗora kasko da rairayi. Na kawo gwangwanin. Ta juye a faifai, ta tsince waɗanda suka ruɓe, ta zuba sauran a kasko. Ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, ƙafar a miƙe, tana juyawa da ludayi. Ƙamshin da ya tashi ba na gyaɗa ba ne sosai, amma yaran gida suka taru.

Ta raba musu bibbiyu. "Ku ci. Wannan ita ce ta Dada. In an tambaye ku wata rana ku ce kun ci."

Ƙaramarsu ta tauna ta tofar, ta ce da ɗaci. Uwarta ta kai mata hannu, Goggo ta ce a ƙyale ta, gaskiya ta faɗa. Ta aika wa Baba nasa a zaure. Ita ma ta ɗauki ɗaya ta sa a baki, ta daɗe tana juya ta, don haƙoranta sun yi ƙaranci.

Abin da ya rage a faifan ya fi na kowa yawa. Ta turo shi gabana.

"Naka ne."

"Goggo, na ƙoshi."

"Na sani. Ci."

Na ɗauka na fara ci. Ɗaci ne mai kama maƙogwaro, da wani maiƙo da ke manne wa a dasashi. Matan gida suka janye yaransu ɗaya bayan ɗaya, tsakar gidan ya rage daga ni sai ita. Ba ta yi min kallon fushi ba. Ta zuba min ido ne kawai, hannunta a kan sanda, ina ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Da na ga ƙasan faifan na ɗago kai, sai ta nuna min da baki wata guda da ta maƙale a saƙar gefe. Na zaro ta na ci.